Shagon fentin Charleston a Yaba: a kai musu kabad da kujera, amma a yi hattara da bango

A bayan layin masu sayar da kayan zane a Yaba akwai wani ɗan shago da matasa huɗu ke gudanarwa. Biyu sun yi karatun zane, ɗaya kafinta ne, na huɗun kuma tashin Agege ne mai jin Hausa kamar jakin Kano, shi ke tarbar mutanenmu da ke zuwa daga Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Sana'arsu ita ce karɓar tsofaffin kayan ɗaki, kabad, durowa, tebur, kan gado, su zane su da hannu a salon wasu masu zanen Ingila na farkon ƙarni na 20, wato salon kamfanin Omega Workshops na Landan da na Charleston, wani gidan gona da wasu daga cikin masu zanen suka zauna a ciki. Suna kuma buga labule, suna zuwa gida su zana bango. Aikinsu a kan katako ya ci kuɗinsa. Labulen ba laifi. Amma fentin bangon da suka fi taƙama da shi ba na iskar Legas ba ne, kuma duk wanda ya biya ba tare da ya sa an sauya haɗin ba, damina ɗaya ta ishe shi nadama.

Ba a fahimtar abin da suke sayarwa sai an san inda salon ya fito. A 1904, bayan rasuwar marubucin Ingila Leslie Stephen, 'ya'yansa huɗu, Vanessa, Thoby, Virginia da Adrian, suka bar gidan iyali mai duhu a Kensington suka kama haya a lamba 46, Gordon Square, a unguwar Bloomsbury ta Landan. Vanessa ta ƙi takardar bango mai nauyin ado irin ta gidajen iyayensu, ta sa aka shafe bangon da fenti mai haske kawai. Daga 1905 abokan Thoby na jami'ar Cambridge suka riƙa taruwa a gidan kowane daren Alhamis, 'yan mata marasa aure suna muhawara da samari har dare ya raba, ba wani babba da ke sa ido. Dangi suka ce lalacewa ce. A 1910 Roger Fry, mai zane kuma mai sharhi kan zane, ya baje zanen Cézanne, Gauguin, Van Gogh da Matisse a Landan, jaridu suka yi masa ca. Shi ne a 1913 ya buɗe Omega a lamba 33, Fitzroy Square, tare da Vanessa, wadda ta zama Vanessa Bell bayan aure, da mai zane Duncan Grant. Manufarsa matasan masu zane su samu abin sawa a bakin salati: aikin rabin yini sau uku a mako, ladan sule 30, wato fam ɗaya da rabi, sauran lokacin su je su yi zanensu. Ba mai sa hannu a kan aiki, tambarin harafin omega na Girkanci kaɗai ake bugawa.

Fry ya tsani sumul ɗin inji. So yake a ga sawun buroshi, a ga inda hannu ya ɗan karkace, a ga da'irar da ba ta cika zagaye ba. Wannan shi ne daɗin salon, shi ne kuma cutarsa, domin masu zanen Omega ba kafintoci ba ne, ba kuma masu fentin gini ba. Masu saye sun sha kokawa da fentin da ke ɓarewa da kayan da ba su da ƙarko. Kamfanin bai wuce 1919 ba. Saboda haka tambayar da za a yi wa duk mai kwaikwayon salon ita ce, sawun hannun ya ɗauko, ko har da sakacin?

A kan katako, 'yan Yaba sun tsallake wannan tarkon, kuma kafintan ne ya cece su. Kafin a taɓa launi yakan kwance maɗaurai da hannayen ƙofa, ya wanke kayan da ruwan sabulu don cire maiƙon hannu da na girki, ya bar shi ya bushe kwana biyu. Sai samfefa mai lamba 120, a bi da mai lamba 180. Yana duba ƙananan huji da garin katako da ke zuba a ƙasan kabad, alamar ƙwaro na ciki, kuma in ya gani ba ya yarda a ci gaba sai an yi magani. Daga nan andakot shafi ɗaya, launin ƙasa shafi biyu na fentin ruwa marar ƙyalli, sannan masu zane su hau kai da akirilik. A ƙarshe banish na ruwa shafi uku, ana ɗan gogewa da samfefa mai lamba 240 tsakanin shafi da shafi. Kabad mai ƙofa biyu, wanda fuskarsa ta waje ke kusan murabba'in mita 6, ba ya cin fiye da lita 1 na launin ƙasa da lita 1 da rabi na banish. In aka rubuta maka galan biyu a lissafi, ka tambayi ina sauran za su.

Zaɓin banish na ruwa ba ƙaramin hankali ba ne. Banish na mai yana yin rawaya cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma launukan wannan salo su ne ruwan toka, shuɗi mai dushi-dushi, ruwan hoda mai duhu, jan ƙasa da rawayar ƙasa. Rawaya ta hau kan shuɗi, ya koma kore-kore marar kyan gani. Sun kuma san halin katako daban-daban. Loko yana da wani maiƙo da ke hana fentin mai bushewa da wuri, don haka sukan goge shi da tina kafin andakot. Kayan zamani na garin katako da aka matse, masu santsin roba a sama, ba sa riƙe fenti sai da firaima mai kama santsi, kuma gefunansu na shan ruwa su kumbura in ba a toshe su ba. Shagon na karɓar irin waɗannan amma yana faɗa wa mutum gaskiya cewa ba za su kai tsohon katako daɗewa ba. Tsohon kabad ɗin maɗaci na gidan Hajiya, wanda yara ke cewa a jefar, shi ne abin da ya fi dacewa da su.

Inda suke kasawa a nan shi ne gaggawar miƙa aiki. Akirilik yana bushewa a taɓa cikin awa guda, amma ba ya ƙanƙara sosai sai bayan mako biyu zuwa uku, a watan Yuni da Yuli ma fiye da haka. Su kuwa sukan naɗe kaya a leda kwana biyu bayan banish na ƙarshe su ɗora a mota. Ledar na mannewa ta bar tabo mai sheƙi a kan fuskar da ya kamata ta zama marar ƙyalli, igiyar ɗauri kuma ta bar layi. A ce musu su riƙe kayan aƙalla kwana 7, su naɗe da tsohon zanen gado da kwali. In an kawo, kada a ɗora tire mai zafi ko kwalbar turare a kai sai wata ya zagayo. Turare na da barasa a ciki, ɗigo ɗaya ya isa ya ci banish ɗin da bai nuna ba. Wanda ɗakinsa ke da na'urar sanyaya ɗaki ya sani cewa katakon da ya zauna a buɗaɗɗen shago ya ƙoshi da laima, in ya shiga busasshiyar iska zai ɗan tsuke, siririn tsagu ya fito a mahaɗa. Wannan ba laifin fenti ba ne. Maganinsa a kai kayan ɗakin su yi mako biyu kafin a zane su, kuma shagon na yarda ya zo ya yi aikin a gida in an biya kuɗin mota.

Shi kansa zanen, hannun ɗaya daga cikin masu zanen ya fi na ɗayan sakewa. Wadda ke yin da'irori da layukan da ke gicciye juna ta kama abin: tana ja sau ɗaya ta wuce, ba ta komawa gyara. Abokin aikinta yana yawan bin layi da tef don ya miƙe, sai aikin ya fito tsaf amma ba rai, ya zama kamar na kanti, abin da Fry ya kafa kamfani don gudunsa. A nemi ganin aikin kowannensu kafin a zaɓa.

Yanzu bango, inda maganar take. A watan Oktoban 1916 Vanessa Bell da 'ya'yanta biyu, Julian da Quentin, da Duncan Grant da marubuci David Garnett suka tare a Charleston, wani gidan gona kusa da ƙauyen Firle a Sussex. Grant da Garnett sun ƙi shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sharaɗin da aka gindaya musu shi ne aikin gona, shi ya kai su can. Gidan ba lantarki, ba tarho, ruwa sai an buga famfo da hannu. Suka shiga zane duk abin da ido ya gani, ƙofofi, murhu, tebur, akwatin itace, har gefen taga. Bangon kuwa da fentin alli da gam suka riƙa shafe shi, suna haɗa garin launi da kansu. 'Yan Yaba sun ɗauko wannan haɗin suna kiransa na asali, suna kuma cajin sa fiye da fentin kanti.

Ga yadda ake yinsa. Gam ɗin fatar dabba gwangwani 1 a ruwa gwangwani 10, a jiƙa ya kwana, a ɗumama shi a cikin tukunyar da ke zaune a ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, domin tafasa na kashe ƙarfinsa. A jiƙa garin alli daban har ya yi kauri, a zuba garin launi, a haɗa da gam ɗin tun yana da ɗumi, a shafa da faffaɗan buroshi cikin sauri. Yana bushewa ya yi haske sosai fiye da yadda yake a jiƙe, don haka sai an gwada a takarda tukuna. In an dace, ba fentin kanti da ke ba da irin wannan taushin launi, haske na nutsewa a ciki maimakon ya dawo ido. Ba mu musun kyansa.

Matsalar ita ce gam ɗin fata yana shan laimar iska, kuma abinci ne ga fumfuna. A Legas danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin safiyoyin damina, daga Afrilu zuwa Yuli, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Wuraren da ke fara nunawa su ne bayan kabad da bayan labule inda iska ba ta zagayawa, bangon da ke jingine da banɗaki, da ƙafa biyu na ƙasan bango a gidajen ƙasa na unguwannin da ruwa ke kwanciya, irin su Ijora, Ajegunle da sassan Mile 12. Baƙaƙen ɗigo ne ke fara fitowa, sai wari. Ba a iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, don ruwa na narkar da fentin gaba ɗaya. In gam ya yi kaɗan, bangon na tashi a jikin tufa, baƙo mai shuɗiyar shadda ya jingina ya tashi da farin baya. In ya yi yawa, ya tsattsage ya riƙa zubowa ɓawo-ɓawo. Ragowar haɗin kuma ba ya kwana biyu a zafinmu bai ruɓe ba, saboda haka in aiki ya wuce yini ɗaya sai an sake haɗawa, launin jiya da na yau su bambanta a bango guda. Abin da ya fi ciwo yana zuwa daga baya: fentin ruwa na kanti ba ya zama a kan wannan haɗi, yana kumbura ya ɓare. Ranar da aka so sauyawa sai an wanke bangon kakaf da ruwan ɗumi da soso, har hannu ya daina ɗaukar gari.

Ko a Sussex ɗin ma bai tsira ba. Bayan rasuwar Duncan Grant a 1978 gidan ya kasance cikin mummunan hali, laima ta ci bango da zane. An kafa gidauniyar ceto shi a 1980, kuma sai 1986 aka iya buɗe shi ga masu ziyara bayan shekaru ana gyara. Su mazauna gidan abin bai dame su ba a zamaninsu, domin in wuri ya lalace buroshi na hannunsu, su sake shafawa ranar Lahadi. Kai da ka biya wani ya zo daga Yaba ba ka da wannan gatan.

Ana iya samun kusan kamannin ba tare da gam ɗin fata ba, kuma yaran sun iya in an matsa musu. A fara da gwada bangon: a manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe da tef, a rufe bakinta ruf, a bar ta kwana guda. In an ɗaga aka ga raɓa a ciki ko siminti ya yi duhu, ruwa na fitowa daga bangon, kuma ba fentin da zai zauna sai an gyara tushen, ko bututu ne ke yoyo ko daga ƙasa yake hawowa. Sabon filasta a ba shi kwana 28. In bango ya wuce gwaji, a yi firaima mai jure kanwar siminti, a bi da fentin ruwa marar ƙyalli shafi biyu. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana da kusan murabba'in mita 38 na bango in an cire ƙofa da taga, wato lita 7 zuwa 8 na shafi biyu, galan biyu masu lita 4. Sannan a tsinka launi na biyu, fenti kashi 1, ruwa kashi 3, da ɗan ruwan akirilik marar launi don ya riƙe, a shafa da faffaɗan buroshi ta ko'ina ba tsari, launin ƙasa na leƙowa. Ado kuma da kwali mai huji da soso, kamar yadda aka yi wa ɗakin da ke fuskantar lambu a Charleston, inda aka buga siffar ganye mai lanƙwasa a kan ruwan toka sannan aka ƙara fararen furanni da hannu. Kafin a biya sauran kuɗi a sa su yi gwajin murabba'in mita 1 a kusurwar da ta fi laima, a jira mako guda, a goga da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, haɗin bai yi ba.

A jikin bangon shagon sun lilliƙa hotunan mutanen nan, kuma ɗan Agegen na da labari mai daɗi da yake ba masu saye, na talakawan masu zane da suka yi fatali da duniya suka zauna a ƙauye suna yin abin da ransu ke so. Labarin ya fi gaskiyar santsi. Vanessa na da gadonta, mijinta Clive Bell kuma ɗan gidan masu arzikin haƙar kwal ne. Akwai masu aiki a gidan, kuma Grace Higgens, wadda ta fara aiki wa Vanessa a 1920 tana budurwa, ta yi shekara 50 tana girki da share-share yayin da su ke zane. John Maynard Keynes, masanin tattalin arziki, yana da ɗakinsa a can. Zaman nasu ma ba kowa ya ji daɗinsa ba. Angelica, wadda aka haifa a gidan ranar Kirsimeti ta 1918, 'yar Duncan Grant ce, amma aka rene ta a matsayin 'yar Clive Bell, ba a faɗa mata gaskiya ba sai 1937, shekarar da aka kashe yayanta Julian a yaƙin basasar Sifen. A 1942 ta auri David Garnett, mutumin da yake gidan tun tana jaririya. Akwai kuma hoton mai zane Augustus John a cikin hotunan, ko da yake shi ba ɗan wannan rukuni ba ne. Shi ne mai yawo da iyalinsa a keken doki irin na al'ummar Romani masu yawo, wanda ya haɗa matarsa Ida da Dorelia McNeill a gida ɗaya ba tare da aure na biyu ba. Ida ta rasu a Faris a 1907 bayan haihuwar ɗanta na biyar, tana da shekara 30, yawancin renon yaran ya koma kan Dorelia. Mai sayen kabad ba ya bukatar ya yarda da rayuwarsu kafin ya so launinsu, amma bai kamata a sayar masa da tatsuniya a haɗa da fenti ba.

Wannan ya kawo batun siffofi. Ainihin aikin Omega da Charleston cike yake da mutane, wasu ba tufafi, da dabbobi. A ɗaya daga ɗakunan Charleston, Duncan Grant ya zana zakara a saman taga da kare a ƙasanta. Littafin samfurin shagon ya kwaso irin waɗannan, kuma in ba a yi magana ba za a iya kawo maka durowa da 'yan wasan tsalle-tsalle a jiki. Ga ɗakin da ake salla, ko ga wanda ba ya son siffar mai rai a gidansa, a faɗa tun farko a kuma rubuta. Salon ba ya rasa komai, don rabinsa da'irori ne, layuka, tulun furanni da ganye. Sun taɓa haɗa dagi da da'irorin Vanessa Bell a ƙofar wani kabad da ke ajiye a shagon, kuma ya zauna daram, ya fi yawancin abin da suka kwafo daga hotuna.

Abu ɗaya da ba a sasantawa a kai shi ne kayan yara. Wasu fentin mai, musamman rawaya, ja da ruwan lemo, ana haɗa su da dalma, haka ma wasu garin launi da ake sayarwa a buɗe ba takarda. Iyakar da hukumomin duniya ke ba da shawara ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mutanenmu sun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Shagon na amfani da akirilik a kan gadon jariri da kujerun yara, wannan daidai ne, amma suna goge tsohon fentin mai da samfefa a bushe, ƙura na tashi. In a gidanka za a yi, a fitar da kayan waje, a jiƙa samfefar, a kawar da yara da mai juna biyu har a share a goge.

Labulen auduga ne mai kauri da suke bugawa da hannu, suna kwaikwayon yadudduka irin Maud da Amenophis waɗanda Omega ta sa aka buga mata a Faransa a 1913. Tawadar ba ta kama zare sai an bi bayan yadin da dutsen guga mai zafi na kusan minti 3 a kowane wuri, kuma a ranar da ba wuta sukan taƙaita. A karɓi ƙyalle a wanke a gida kafin a ba da awo. A kuma sa shafi a baya in tagar na kallon yamma, in ba haka ba ja da ruwan hoda za su koɗe kafin shekara.

Suna karɓar kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, wanda ya yi yawa ga aikin da kayansa ba su da tsada, ladan hannu ne mafi yawan kuɗin. Ana iya sauko da su zuwa rabi. Ga ɗan haya, wanda shi ne yawancinmu a garin nan, akwai maganar mai gida, domin da yawa za su ce a mayar da bango yadda aka same shi ko a cire daga kuɗin ajiya. Su ma 'yan Charleston haya suka yi har ƙarshe, sai dai sun samu mai gidan da ya ƙyale su sama da shekara 60. Mafita ita ce abin da Omega kanta ta sayar da yawa, wato allon kariya mai naɗewa. Shagon na yin sa da filawud mai jure ruwa, kaurin milimita 12, fanni uku ko huɗu da maɗaurai, ko fanni guda da ake ɗaurawa a bango a bar tazarar santimita 2 a baya don iska ta wuce. A tabbatar sun shafe gaba da baya da gefuna da adadin shafi iri ɗaya, don in fuska ɗaya kaɗai aka rufe, ɗayar za ta sha laima allon ya lanƙwashe cikin 'yan makonni.